Wa Ya Tsaya Masa? Tantance Kuratan 'Yan Sanda a Yammacin Zamfara

Mita 1.67. Duk saurayin da tsawonsa bai kai haka ba, ko da shi ne ya fi kowa ƙarfin zuciya daga Adabka har Gummi, ba zai sa kakin ɗan sandan Najeriya ba. Mace kuwa mita 1.64 ake nema. Ƙirjin namiji, idan ya shaƙi iska ya cika, kada ya gaza santimita 86. Shekaru daga 18 zuwa 25 ga mai neman aikin ɗan sanda na gama-gari. Kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, da Turanci da Lissafi a ciki, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Mai gwame ba ya shiga, haka mai in'ina, haka mai harara-garke, haka mace mai juna biyu.

Waɗannan duka abubuwa ne da jami'i zai gama dubawa kafin shayinsa ya huce. Tef yana hannunsa, takardu suna gabansa. Amma a cikin jerin sharuɗɗan akwai guda ɗaya da ba a auna shi da tef: dole mai nema ya zama mutumin kirki, wanda kotu ba ta taɓa kama shi da laifi ba, kuma bashi bai yi masa katutu ba. Hanyar tabbatar da wannan, a aikace, ita ce takardar garanto. Mutum biyu masu daraja za su sa hannu, su manna hotunansu, su ce mun san yaron nan, mun tsaya masa. Tallace-tallacen ɗaukar aikin na shekarun baya sun ma lissafa irin waɗanda ake karɓar sa hannunsu: basarake, alƙalin majistare, shugaban ƙaramar hukuma, shugaban makarantar da yaro ya yi, ma'aikacin gwamnati daga mataki na 12 zuwa sama, babban jami'in ɗan sanda daga muƙamin CSP, ko hafsan soja daga Laftanar Kanar.

A kan wannan 'yar takarda ake ɗora bindiga.

Maganar ta sake tasowa ne a ƙarshen watan Nuwamban 2025. An kwashi 'yan mata 25 daga makarantar Maga da ke Danko-Wasagu a jihar Kebbi, maƙwabciyar Zamfara, kwanaki kaɗan bayan haka aka kwashi ɗaruruwan ɗalibai a Papiri ta jihar Neja. Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro, ya ce a ƙara kurata 20,000 a kan 30,000 da aka riga aka amince da su, jimla 50,000 ke nan. A tsakiyar Disamba aka buɗe shafin neman aikin. Da za a raba adadin nan daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 774, kowace za ta tashi da mutum sittin da 'yan kai. Anka sittin da wani abu, Bukkuyum haka, Gummi haka. A ɗaukar mutum 10,000 da aka saba yi, rabon kowace ƙaramar hukuma bai fi goma sha uku ba. Aikin tantancewa ya ninka sau biyar, masu tantancewar kuwa su ne dai na jiya.

Mutumin Adabka ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin gaggawar. Garin, wanda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Bukkuyum, ya sha ganin 'yan bindiga, shi da Gwashi da Nasarawar Burkullu da ƙauyukan da ke zagaye da dajin Gando. A farkon Janairun 2022 an yi kwanaki ana kashe mutane a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce 58 suka mutu, mutanen yankin suka ce sun binne kusan 200. A watan Agustan 2025 ɓarayin daji suka shiga Adabka kanta suka tafi da mutane, waɗanda suka bi sawunsu, 'yan sanda da 'yan sa-kai, aka yi musu kwanton ɓauna aka kashe da dama. A irin wannan wuri, idan aka ce za a ƙaro jami'ai, amsa ɗaya ce: a ƙaro, jiya ma.

Sai dai a wannan yankin akwai kalmar da ta fi ɓarawo ban tsoro, ita ce infoma. Ɓarawo yana daji, an san inda yake. Infoma yana kasuwa, yana majalisar mai shayi, wani lokaci a sahun gaba a masallaci. Shi ke faɗin wanda ya sayar da shanu, da ranar da motar jami'an tsaro ta tafi gyara, da hanyar da aka bari babu kowa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mutanen Zamfara sun ga hakan da idonsu. To kurtun da aka ɗauka aka kai caji ofis ɗin Bukkuyum, a makonsa na farko zai san jami'ai nawa ne ke kwana a wurin, harsashi nawa ya rage, wace rana ake canjin aiki, wane ne ya zo a ɓoye ya kai rahoto. Abin da infoma ke wahalar wata guda kafin ya tattara, shi a teburinsa zai same shi.

Takardu, da waɗanda ba su da su

Neman aikin a intanet ake yi, da lambar NIN. Saurayin da ke ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa sai ya nemi shagon kwamfuta a Gummi ko Anka, ya biya a cika masa. Daga nan sai ranar tantancewa a Gusau, hedikwatar rundunar jiha: farar riga mai gajeren hannu, farin gajeren wando, fayil biyu farare, takardu na asali da kwafinsu, hotuna. Tafiyar kanta jarrabawa ce, domin hanyar da ta ratsa Daki Takwas da Anka zuwa Mayanchi ba hanyar da ake bi da kwanciyar hankali ba ce. Wanda ya tsallake wannan mataki sai jarrabawar kwamfuta, wadda a zagayen 2024 hukumar JAMB ce ta shirya, sannan gwajin lafiya.

Sharaɗin kiredit biyar ba abin zargi ba ne. Ɗan sanda yana rubuta bayanin mai ƙara, yana karanta takardar kotu, yana ba da shaida gaban alƙali. Wanda bai iya waɗannan ba, mai laifi zai kuɓuta a hannunsa, marar laifi ya kwana a sel. Wani kwamishina a Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ya taɓa kokawa, a farkon 2022, cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu neman aikin ba sa iya cin maki 30 a jarrabawar ɗauka. Amma a Zamfara sharaɗin ya faɗo kan wata tsara da aka zalunta ta kowace fuska. Yaran da suka tsira daga gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a garuruwa irin su Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma, duk a Anka da Bukkuyum, su ne yanzu suka kai shekarun shiga aikin. Suna sakandare aka sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021. A Satumban shekarar, bayan sace ɗaliban Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya. Ga bashin da jihar ta tara wa kanta a WAEC da NECO, wanda ya sa aka riƙe sakamakon ɗalibai na shekaru, wasu ma ba su zauna jarrabawar ba, har sai da gwamnatin Dauda Lawal ta zo ta sanar da biyan kuɗin.

Idan sharaɗi ya yi tsauri a inda hanyar cika shi ta lalace, abu biyu ke faruwa. Yaron kirki da ba shi da takarda ya koma gona ko ramin zinare. Mai wayo kuma ya nemo takarda ta wata hanya. Makarantun da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibi amsa a allo ba ɓoyayyu ba ne a ƙasar nan. Shekarun haihuwa ma haka: a karkarar da ba kowa ake yi wa rajistar haihuwa ba, takardar rantsuwa ta kotu ce ke tsayawa, kuma ɗan shekara talatin yakan fito daga ofishin rantsuwa yana ɗan ashirin da uku. Lambar NIN ta rage wannan, tunda ba a canza ranar haihuwa a cikinta da sauƙi, amma ita ma abin da mutum ya faɗa ranar farko ta rubuta.

Sannan ga takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda shugaba ko sakatare ke sa wa hannu. Ita ce mabuɗin gurbi. Tsohon ƙorafi ne a karkarar Arewa cewa sunan da ke fitowa a ƙarƙashin ƙaramar hukuma wani lokaci na yaron da ya tashi a birni ne, wanda bai san hanyar garin ba, amma kawunsa ya san sakatare. A zagayen 2023 sama da mutum rabin miliyan ne suka nemi gurbi 10,000, mafi yawa daga Arewa. Inda mutum hamsin ke neman kujera ɗaya, kujerar takan samu farashi, duk da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ba ta gajiya da nanata cewa aikin kyauta ne, kada a ba kowa ko sisi.

Wanda kotu ba ta taɓa kamawa ba

A nan ne ainihin raunin yake. Sharaɗin ya ce kada a ɗauki wanda aka taɓa yanke wa hukunci. Rundunar tana da babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi a Alagbon da ke Legas, inda ake adana zanen yatsu. Amma ma'ajiya abin da aka kai mata take ajiyewa. Shari'o'in da ake yi a kotunan majistare da na shari'ar Musulunci a ƙananan garuruwa, mafi yawansu a rajistar takarda suke ƙarewa. Mafi muhimmanci ma, mutumin da ya fi hatsari a yammacin Zamfara sau da yawa bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Mai kai wa daji fetur da burodi da ƙwaya, mai sayen shanun sata, mai karɓar kason kuɗin fansa: wani ba a taɓa kama shi ba, wani an kama an yi beli maganar ta bi ruwa, wani kuma sulhun da gwamnatin Bello Matawalle ta yi da 'yan bindiga a 2019 ya wanke shi. A takarda, duk fes suke.

Saboda haka nauyin gaba ɗaya ya koma kan garanto. A jerin masu sa hannu, basarake ne na farko, kuma da hujja: shi ne uban ƙasa, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni labarin kowane gida ke isa fada. Masarautun yankin nan ba ƙanana ba ne. Sarkin Zamfaran Anka, Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad, shi ke shugabantar majalisar sarakunan jihar, kuma ya daɗe yana magana a fili kan halin da talakawansa ke ciki. A Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan ya bar kujerar Babban Alƙalin Babbar Kotun Abuja ne a 2013 ya hau gadon sarauta. Da wuya a samu wanda ya fi shi sanin nauyin sa hannu a takarda.

Amma jihar nan ce kuma ta kafa kwamiti a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ɗan Gusau, don gano tushen ta'addancin. Kwamitin ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe tsakanin 2011 da 2019, ya kuma ba da shawarar a tsige sarakuna biyar da hakimai 33 bisa zargin hannu a lamarin, har da jami'an tsaro ya ambata. A Afrilun 2022 gwamnati ta sauke sarakunan Zurmi da Dansadau da hakimin Birnin Tsaba kan irin wannan zargi. Watanni uku bayan nan, masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladar naira miliyan biyar a kansa, sarautar Sarkin Fulani, da rana tsaka, har aka dakatar da sarkin. Saukewar nan da naɗin nan ba su shafi masarautun Anka, Gummi ko Bukkuyum ba. Abin da suke nunawa shi ne, rawani shi kaɗai ba shaida ba ne, kuma fom ɗin bai san bambancin wannan rawani da wancan ba.

Ko da mai sa hannun waliyyi ne, akwai wata matsalar. Sarki ko ciyaman bai san kowane saurayi ba. Yadda abin ke tafiya kowa ya sani: uba ya je wurin wani mai faɗa a ji, shi kuma ya kai takarda ofis ko fada, a ce ranka ya daɗe, yaronmu ne, a taimaka. Ƙin sa hannu a irin wannan hali kamar yanke zumunci ne, ga ɗan siyasa kuma asarar ƙuri'un gida guda. Waɗanda suka san yaron ciki da bai, wato mai unguwarsa, limamin masallacinsu, malamin da ya karantar da shi allo, abokan da suke kwana shago ɗaya, babu su a jerin. Da za a tambaye su ma, ba lalle su buɗe baki ba, domin a garin da ake yanka mutum saboda zargin ya tsegunta, shiru ma dabarar tsira ce. Ga kuma gudun hijira da ya wargaza ƙauyuka. Dubban mutanen da suka taru a garin Anka, mai unguwarsu wataƙila yana Gummi, limaminsu yana Zuru, wasu sun rasu. Wa za a tambaya?

Ba kasafai kuma ake jin an kira wani garanto an ce, ga yaron da ka tsaya wa an kama shi yana sayar da harsashi, zo ka yi bayani ba. Sa hannun da ba ya jawo wa mai shi komai, ba shi da wuyar samu.

Masu cewa a mayar da komai hannun mutanen gari su ma tarihi yana da abin da zai gaya musu. Kafin 'yan sandan tarayya su karɓe Arewa, 'yan dokan En'e ne ke aiki, kuma Anka da Gummi da Bukkuyum duk a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato suke. Ɗan doka ba baƙo ba ne. An san ubansa, an san gidan da ya fito, sau da yawa ma daga cikin dogarai da barorin fada aka ɗauko shi. Bai hana a yi amfani da shi wajen dukan 'yan NEPU da ɗaure su a shekarun 1950 da farkon 1960 ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan rahoton kwamitin Gobir, ta rushe 'yan dokan ta haɗe su cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Sanin mutum wani abu ne, wanda ya zaɓe shi da dalilin zaɓen wani abu ne daban.

Rigimar Abuja

Yayin da ake wannan a ƙasa, a sama an shafe shekaru huɗu ana shari'a kan wa ma ke da ikon ɗaukar kurtu. Tsarin mulkin 1999 ya ba Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ikon naɗa kowa a rundunar ban da Sufeto Janar. A 2019 ofishin Sufeto Janar ya ce ɗaukar ƙananan kurata aikinsa ne, ya ci gaba da ɗaukar 10,000. Babbar Kotun Tarayya ta ba shi gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a Satumban 2020, Kotun Ƙoli ta rufe maganar a ranar 11 ga Yulin 2023: ikon na hukumar ne.

Shekara ba ta cika ba aka sake kwaɓewa. A farkon Yunin 2024 hukumar ta fitar da sunayen mutum 10,000, a tsakiyar watan rundunar ƙarƙashin Kayode Egbetokun ta fito fili ta ce ba ta karɓa ba. Zarge-zargen da ta lissafa ba ƙanana ba ne: akwai sunayen waɗanda ba su ma nemi aikin ba, akwai waɗanda suka faɗi jarrabawar kwamfuta, akwai waɗanda likita ya ce ba su da lafiyar aikin, kuma kuɗi sun yi aiki. Hukumar ta musanta, ta ce a kawo hujja, ma'aikatanta suka ce rundunar na neman ƙwace abin da kotu ta hana ta ne. A cikin watan ne aka sauya shugaban hukumar, Solomon Arase ya tafi, Hashimu Argungu, ɗan jihar Kebbi, ya zo. Daga baya aka sasanta, kurata suka tafi horo. Mai karatu ya zaɓi wanda zai gaskata. Ko dai jerin ya gurɓata kamar yadda rundunar ta ce, ko kuma rundunar ta yi wa hukumar da ke sa mata ido ƙazafi a bainar jama'a. Babu ɗaya a ciki da zai kwantar wa mutumin Adabka da hankali.

Ƙasar nan ta taɓa gwada ɗaukar gaggawa. Daga shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta sa a riƙa ɗaukar mutum 40,000 kowace shekara har shekara biyar, rundunar ta ninka fiye da sau biyu. Kwamitin gyaran aikin ɗan sanda da aka kafa a 2008 ƙarƙashin M.D. Yusufu, tsohon Sufeto Janar ɗan Katsina, ya duba abin da ya biyo baya, ya ce an yi ɗaukar ba bisa ƙa'ida ba, makarantun horo sun cika sun batse, kuma an shigo da waɗanda ake zargi da laifi, da waɗanda shekarunsu suka wuce, da waɗanda da ƙyar suke karatu. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka a lokacin har yanzu suna cikin aiki, wasu sun zama sufetoci. Kuskuren ɗauka shekara 35 yake yi kafin ya yi ritaya. A Janairun 2013 tashar Channels ta nuna halin da kwalejin 'yan sanda ta Ikeja ke ciki, rufi yana yoyo, kurata na rabon abinci a bokiti, har Shugaba Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. Kwalejojin Kaduna da Maiduguri da makarantar horo ta Sakkwato, inda yaran Arewa ke zuwa, wata shida kacal suke da shi su mai da farar hula ɗan sanda. Wata shida yana koya wa mutum fareti da harbi. Ba ya canza masa hali.

Ƙasashen da suka fi mu rumbun bayanai ma sun ƙone a nan. A Ingila, inda aka yi gaggawar ƙara 'yan sanda 20,000, masu binciken gwamnati sun duba fayil 725 na tantancewa a 2022, suka ce a 131 daga ciki akwai alamar tambaya kan yadda aka bar mutumin ya shiga. Binciken da aka yi kan Wayne Couzens, ɗan sandan Landan da ya yi amfani da katin aikinsa ya sace Sarah Everard ya kashe ta a 2021, ya gano cewa tun farko bai kamata a ɗauke shi ba: ga tarin bashi, ga tsohon ƙorafin rashin ɗa'a da ba a bi ba. A Kenya kuwa, kotu ce ta soke ɗaukar kurata 10,000 ɗungurungum a 2014 saboda cin hanci da son kai.

Askarawa da sauran masu kaki

A yammacin Zamfara, wanda talaka ya fi gani da bindiga ba ɗan sandan tarayya ba ne. Ɗan sa-kai ne, ko askari. 'Yan sa-kai sun taso ne daga fusatar jama'a, babu fom, babu garanto, kowa ya ɗauko bindigarsa ta gida. Sun kare garuruwa da yawa, kuma da yawansu sun mutu a kan haka. Amma kashe-kashen da wasunsu suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar da har yau ba ta mutu ba, kuma gwamnatocin jihar sun sha haramta su.

Askarawan Zamfara yunƙuri ne na sa wa wannan ƙarfi linzami. A ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da mutum 2,645 a Gusau, daga ƙananan hukumomi 14, bayan Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun a Oktoban 2023. Gwamnati ta ce an tantance su an horar da su. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Maris, aka kashe wani sanannen malamin addini a garin Mada, aka zargi wasu askarawa, aka yi kame. Laifin mutum kaɗan ba ya shafe jinin da sauran suka zubar wajen kare jama'a, amma ya nuna cewa tantancewar da aka yi cikin 'yan watanni tana da ramuka. A Kano an ga wani salon a 2023, lokacin da rundunar jihar ta sa wasu tubabbun 'yan daba kimanin 50 cikin 'yan sandan sa-kai na musamman. Wasu suka ce hikima ce, wanda ya san lungu shi ke kama ɓarawon lungu. Wasu suka ce mutumin da ya tare ka da wuƙa bara bai kamata ya tare ka da kaki bana ba. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda sai da ta fito tana bayanin cewa waɗannan ba cikakkun 'yan sanda ba ne. Ga mai tafiya a hanya da dare, kaki kaki ne.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Yaron ruga da bai taɓa ɗaukar makami ba, wanda shi ma an kore wa ubansa shanu, kusan ba shi da hanyar shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan rundunoni. Makaranta ba ta kai gare shi ba, balle kiredit biyar. Wanda ya yi karatun kuma, wane mai muƙami ne zai sa masa hannu a wannan yanayi? Sakamakon shi ne runduna da ba ta da mai jin Fulatanci sosai, ba ta da wanda ya san burtali da mashaya, kuma rabin masu rikicin suna kallonta a matsayin ta ɗaya ɓangaren. Tantancewar da ke tace ƙabila maimakon hali ita ma gazawa ce.

Gyaran da ake buƙata ba na biliyoyi ba ne. Garanto ya zo da ƙafarsa ko a kira shi a waya a yi masa tambayoyi, a rubuta lambarsa ta NIN, ya san cewa sunansa zai bi yaron har ƙarshen aikinsa, kuma a ƙayyade yawan mutanen da mutum ɗaya zai tsaya wa. A ƙara mai unguwa da liman ko shugaban makarantar firamare a cikin waɗanda ake tuntuɓa, amma a asirce, jami'in DSS ko na sashen leƙen asirin rundunar ya same su ɗaya bayan ɗaya. Shawarar da wasu ke bayarwa ta a manna sunayen waɗanda aka zaɓa a ƙofar sakatariya don jama'a su kawo ƙorafi tana da kyau a Gusau. A ƙauyen da ke biyan ɓarayi haraji kafin a yi girbi, manna sunan yaro tamkar nuna wa daji gidan ubansa ne, kuma ƙofa ce ga mai tsohuwar gaba ya rama. Gwajin ƙwaya na NDLEA ya zama kafin shiga da kuma bayan an fara aiki, ba sau ɗaya ba. A ɗauki zanen yatsun kowane kurtu da kowane askari a rumbu guda, domin wanda aka kora a Zamfara kada ya ɓullo a Kebbi da sabon kaki. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce bindigogi 178,459 ne rundunar ta kasa ba da bayanin inda suke, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47. Kowace ɗaya akwai wanda ya sa hannu ya karɓe ta.

Duk wannan zai ƙara nauyi idan maganar 'yan sandan jihohi ta tabbata, wadda shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince da ita bisa manufa tun Fabrairun 2024. A tsarin yanzu, komai lalacewarsa, mai sa hannu a Bukkuyum daban, mai tantancewa daga Abuja daban, har sukan yi faɗa a jarida, kuma ta wannan faɗan ne jama'a suka ji abin da ke cikin jerin 2024. A ƙarƙashin 'yan sandan jiha, ciyaman ɗin da zai ba da takardar asali, da hakimin da zai tsaya wa yaro, da hukumar da za ta ɗauke shi, da kwamishinan da zai ba shi umarni ranar zaɓe, dukkansu a tafin hannun gwamna ɗaya za su kasance.